Kantiri, bulugiras da fok a jita: aikin duk yana hannun dama

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya koyi kiɗan kantiri ko bulugiras ko fok a jita, wato kaɗe-kaɗen gargajiya da na karkarar Amurka, abun da yake fara tambaya shi ne wai kod nawa, wato haɗin tsirkiyoyin da hannun hagu ke dannawa tare, zai haddace tukunna. Sai in ce masa uku, G da C da D, in ya ƙara Em a kai suka zama huɗu to ya ma yi ƙoƙari. Da yawa basa yarda, gani suke kamar raina musu hankali nake ko kuma wani sirri nake ɓoyewa. Alhali gaskiyar kenan, waƙoƙin Amurkawan nan bila adadin da kod ukun nan aka gina su, kuma ko yaro in ya dage cikin 'yan makonni zai kama su. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaya hannun, hannun dama mai kaɗa tsirkiya (in kai bahago ne sai ka juya maganar), shi ne ake mantawa da shi, kuma shi ne yake raba mai kiɗan kantiri da wanda kawai yake karce jita yana damun mutane.

Dalilin a fili yake in ka duba yadda ƙungiyar bulugiras take. Jita ce, da banjo mai tsirkiya da zagayayyar fuska irin ta ganga, da mandolin, wata 'yar ƙarama mai tsirkiya takwas, da goge irin na Turawa, da ƙaton bes ɗin nan da ake kaɗawa a tsaye, wani lokaci a haɗa da dobro, wata jita mai faifan ƙarfe a fuska da ake kwantarwa a kaɗa. Ganga kuwa babu ko ɗaya. To wa zai riƙe lokaci? In ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, mai bes yana buga na ɗaya da na uku, mai mandolin yana sara na biyu da na huɗu, wani gajeren "cak" haka, kai kuma mai jita kai ne a tsakiya kana yin aikin su biyun gaba ɗaya, kana ɗinke su. In ka yi sauri kowa ya yi sauri, in ka ja ƙafa duk tafiyar ta lalace. Ko a tsohon kantiri ma haka abun yake, shirin rediyon nan na Grand Ole Opry da ke Nashbil ya daɗe yana ƙyamar ganga a dandalinsa, kuma Johnny Cash a farkon tashensa da bashi da mai ganga takarda yake saƙalawa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa don in ya karce ta ba da ƙarar ƙaramar ganga. Kaga kenan tun asali jitar nan rabinta ganga ce.

To abu na farko da zaka koya, kuma wallahi shi ne zaka yi ta koyo har ka tsufa, shi ne kiɗan da suke kira bum-cik. Ka kama G da hannun hagu. Ka bugi tsirkiya ta 6, wato mai kaurin nan ta sama, ita kaɗai, bum. Sai ka share siraran na ƙasa guda uku ko huɗu da sauri, cik. Sai ka bugi tsirkiya ta 4 ita kaɗai, bum, ka sake sharewa, cik. Shikenan fa. A kan C bum na farko a tsirkiya ta 5 yake, na biyu a ta 4, ko kuma ka ɗaga yatsan zobe ka mai da shi firet na 3 na tsirkiya ta 6 (firet su ne ƙarafan da suka raba wuyan jita gida-gida), wanda ni shi nafi so don yafi cika kunne. A kan D ka fara da ta 4 a sake, wato ba tare da ka danne ta ba, ka koma ta 5 a sake. Kamar lugude ne, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, babu wadda ke shiga hurumin 'yar uwarta. In waƙar mai taku uku ce, wato wals, sai ya koma bum-cik-cik.

A rubuce kamar wasa, amma gwada ka gani. Matsalar da kusan kowa ke faɗawa ita ce bum ɗin baya fita, cik ɗin kuma ya cika ƙara, sai kaji kiɗan ya zama hayaniya kawai babu ƙashi a ciki. Ya kamata bum ya fito da nauyi, a tsaftace, tsirkiya ɗaya tal ba tare da ka taɓo maƙwabciyarta ba, cik kuma ya zama gajere mara nauyi kamar ka yarfe ruwa daga yatsu. Akwai dabarar da masu bulugiras ke yi, in sun bugi tsirkiyar bes sai su tura fik ɗin, wato ɗan abun kaɗa tsirkiya da ake riƙewa da yatsu, ciki kaɗan ya je ya kwanta a jikin tsirkiyar da ke ƙasa da ita, wannan shi ke ba da ƙarar nan mai kauri da kake ji a faifansu. Kuma motsin daga wuyan hannu yake fitowa da ɗan juyin damtse, in ka sandare hannunka kana yi daga gwiwar hannu kawai zaka gaji kafin waƙa ɗaya ta ƙare, balle a ce an tashi da gudu.

In bum-cik ya zauna sai ka fara tafiya tsakanin kod da kod. Maimakon ka yi tsalle daga G zuwa C, sai ka taka G, A, B, ka sauka a C daidai kan bugun farko, duk a tsirkiya ta 6 da ta 5. In zaka dawo ka juya tafiyar. Wannan 'yar tafiyar ita ce ke sanar da sauran makaɗa cewa kod zai canza, ko basu san waƙar ba kunnensu zai gaya musu inda aka nufa. Sai kuma uwa uba, gudun G ɗin nan da ake jinginawa Lester Flatt, wanda in baka iya shi ba to baka shiga bulugiras ba tukunna: G a firet na 3 na tsirkiya ta 6, A a sake, firet na 1, firet na 2 duk a ta 5, D a sake, firet na 2 a ta 4, ka dawo D, ka rufe da tsirkiya ta 3 a sake. Ana saka shi a ƙarshen baiti, lokacin da mawaƙi yake jan numfashi. Amma fa don Allah kar ka mai da shi gishirin kowace gaɓa, akwai masu koyo da in sun iya shi sai su riƙa cusa shi ko'ina har mawaƙi ya rasa inda zai sa bakinsa.

Shi Flatt ɗin ma, abun mamaki, ba da fik ɗin da muka sani yake kiɗa ba, na babban yatsa yake sawa da wani a manuni. Shi ne mai jita kuma mawaƙi a ƙungiyar Bill Monroe lokacin da Earl Scruggs ya shigo da banjonsa a ƙarshen 1945, kuma yawancin masana daga nan suke lissafa haihuwar bulugiras yadda muke jinsa yau. Monroe ɗan Kentaki ne, an haife shi 1911, mandolin yake kaɗawa, ya hau Opry a 1939 da ƙungiyarsa Blue Grass Boys. Kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa wani baƙar fata mai suna Arnold Shultz, makaɗin jita da goge, yana cikin waɗanda suka fi tasiri a kansa yana saurayi. Ina kawo wannan ne don mutane da yawa in sun ga hular kaboyi sai su ɗauka kiɗan na farar fata ne zalla. Banjo kanta asalinta kayan kiɗan da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka sake ƙerawa ne a tsibiran Karibiyan da Amurka, goge da tsofaffin waƙoƙin labari kuma suka zo da mutanen Ingila da Sikotilan da Ailan, duk suka haɗu a duwatsun Apalaciya da kudancin Amurka suka gauraya.

In kana so ka fara fitar da amon waƙa ba rakiya kawai ba, shawarata kar ka yi tsalle zuwa wajen masu gudu, ka fara da Maybelle Carter. A 1927 wani mai neman mawaƙa na kamfanin Victor, Ralph Peer, ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol da ke kan iyakar Tenesi da Bajiniya, a nan aka fara ɗaukar Carter Family, wato A.P. da matarsa Sara da Maybelle, kuma a zaman ne aka ɗauki Jimmie Rodgers. Ita Maybelle abun da take yi shi ne babban yatsa yana fitar da amon waƙar a tsirkiyoyin bes, manuni kuma yana share siraran a duk inda amon ya ɗan tsaya, sai kaji kamar mutum biyu ne ke kiɗa alhali ita kaɗai ce. A lokacin jita a bayan goge da banjo take laɓe, ita ce ta jawo ta gaba. Akwai kuma Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, wanda ya riƙa yawon tattaro waƙoƙi tare da A.P., kuma Maybelle ta ɗauki abubuwa a hannunsa. Kiɗan da kowa ke farawa da shi a salon nan shi ne Wildwood Flower da suka ɗauka a 1928, da siffar C ake yin shi, kuma daɗin abun kusan duk amon yana ƙarƙashin yatsunka in ka riƙe kod ɗin, ɗaga yatsa ɗaya ne ko dasa shi. Ana iya yin shi da fik tsaf, kuma a gani na babu atisayen da ya kai shi koya wa hannun dama saiti, don dole fik ya samo tsirkiyar da ake nema ba tare da ka kalla ba, sannan ya koma shara ba tare da lokaci ya goce ba.

Anan ne zaka fara amfani da 'yan dabarun hannun hagu guda biyu da suke ba kiɗan ƙamshinsa. Ɗaya ka bugi tsirkiya a sake sannan ka doka yatsa a kan firet da ƙarfi amon ya hau ba tare da ka sake bugawa ba, ɗayan kuma akasin haka, ka fizge yatsan amon ya sauko. Ka gwada a kan C, tsirkiya ta 4 a sake ka doka firet na 2, nan take zaka ji kantiri ya shigo ɗakin.

Maganar kafo kuwa, 'yar maƙalar nan da ake matse wuyan jita da ita, akwai masu cewa wai ta ragwaye ce. Haba dai. A wannan kiɗan kafo kayan aiki ne kamar fik. Ƙarar bulugiras tana buƙatar tsirkiyoyin da ke a sake suna amsawa, kuma gudun G ɗin can baya yiwuwa yadda ya kamata in ka kama kod ɗin da ake shimfiɗa yatsa a kan wuya gaba ɗaya. Don haka in mawaƙi ya ce A zai yi sai ka sa kafo a firet na 2 ka kama siffar G, in ya ce B sai firet na 4, kuma suna son B ɗin nan sosai don muryar ta tashi sama ta yi kaifi irin yadda Monroe yake yi. Kiɗan goge da yawa a D suke, sai ka sa kafo a 2 ka kama siffar C, ko ka yi D ɗinka a sake. Wani ɗan abu da ba'a cika faɗa ba, ka sa kafon dab da bayan ƙarfen firet ɗin, kar ka matse fiye da kima, kuma ka sake duba saiti bayan ka sa, don yana jan tsirkiya sama kaɗan.

Kuma tun da wuri ka saba da kiran kod da lamba. In waƙa a mabuɗin G take, wato G ne gidanta, 1 shi ne G, 4 shi ne C, 5 shi ne D, 6 mai sanyi shi ne Em. A mabuɗin C kuma 1 C, 4 F, 5 G. A mabuɗin D, D da G da A. Makaɗan sutudiyo na Nashbil da lambobi suke rubuta waƙa tun wajen ƙarshen shekarun 1950, Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ne ya faro tsarin, don in mawaƙi ya ce a ɗaga waƙar sama ba sai an sake rubuta komai ba. Amfaninsa gare ka mai koyo shi ne kunnenka zai fara gane cewa tafiya daga 1 zuwa 4 tana da ɗanɗanonta, kamar an buɗe ƙofa, 5 kuma kullum jan ka yake ka dawo gida, ko a wane mabuɗi ake. Da zarar kunne ya kama wannan zaka iya raka waƙar da baka taɓa ji ba. Wanda zai ɗan ruɗa ka shi ne tsofaffin kaɗe-kaɗen duwatsu irin su Old Joe Clark, inda ake sauka taku guda ƙasa da 1, wato in kana siffar G sai ka kama F, wani amo ne mai kama da na da can, in ka ji shi sau biyu bazaka manta ba.

Yanzu sai abun da ke jawo yawancin samari, wato kaɗa kiɗan goge a jita da fik da mugun gudu. Doc Watson ne ya fito da abun fili. Makaho ne tun yana jariri, an haife shi 1923 a Deep Gap da ke Karolina ta Arewa, kuma a shekarun 1950 jitar lantarki yake kaɗawa a wata ƙungiyar rawa da sau da yawa bata da mai goge, jama'a kuma suna son kiɗan rawarsu na gargajiya, shi ne ya koyi fitar da kiɗan gogen a jita. Da Ralph Rinzler, wani mai neman kiɗan gargajiya, ya gamu da shi a 1960 ya koma jitar katako, duniya ta ji abun da bata saba ji ba. Bayansa Clarence White ya zo da wani irin wasa da lokaci, yana jinkirta amo ko ya riga shi, ya rasu a 1973 yana matashi, sai Tony Rice ya ɗora, har ma tsohuwar Martin D-28 ta 1935 da White ya riƙe a hannunsa ta ƙare. Yau kuma ga Billy Strings ga Molly Tuttle, wadda a 2017 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar gwarzon makaɗin jita ta ƙungiyar bulugiras ta duniya.

Ƙa'idar salon guda ɗaya ce kuma bata da sassauci ga mai koyo: fik yana sauka a kan bugu, yana tashi a tsakanin bugu. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ko da ka tsallaka zuwa wata tsirkiyar, ko da akwai inda babu amo hannun yana cigaba da lilo a iska. In ka bar hannunka ya zaɓi abun da yafi masa sauƙi, ƙasa ƙasa sama ƙasa yadda ya ga dama, a hankali zai tafi lafiya lau, amma ranar da aka ƙara gudu zaka ji ka harɗe kuma bazaka san dalili ba. Kaɗe-kaɗen gogen nan yawanci kashi biyu ne, kowane kashi gaɓa 8, ana maimaita kowanne sau biyu, gaba ɗaya 32, don haka basu da tsawo, ka ɗauki guda ɗaya ka zauna a kansa har ya zama baka tunani. Kuma ga abun da nake ta nanatawa, ka koyi rakiyar kiɗan kafin ka koyi amonsa. A zaman kiɗa na mutum shida, in an zagayo kanka sau ɗaya ka yi naka, sauran lokacin duk rakiya kake yi wa wasu. Wanda ya iya gudu amma bum-cik ɗinsa na rawa babu mai son zama kusa da shi, wanda kuwa rakiyarsa ta zauna daram ko bai taɓa karɓar zagaye ba kowa na nemansa. Shi kansa Tony Rice da ake ta zuzuta gudunsa, ka saurari abun da yake yi a bayan mawaƙi ko bayan mai mandolin, a nan ne ni nake jin girmansa.

Ɗaya hanyar ita ce ta yatsu, kuma nan ne kantiri da fok suka fi haɗuwa. Merle Travis ɗan yankin ma'adinan kwal ne na Muhlenberg a Kentaki, ya koya a wajen Mose Rager da Ike Everly, salon kuma ana bin sawunsa har zuwa kan Arnold Shultz ɗin nan dai. Babban yatsa yana yin bes yana kai da komo tsakanin tsirkiya biyu, 6 da 4 in G ne ko E, 5 da 4 in C ne ko Am, gefen tafin hannu yana ɗan danne su kusa da gada, inda tsirkiyoyi suka kwanta a fuskar jita, don su yi "dum dum" a toshe, manuni kuma yana tsinto amo a sama. Travis da yatsu biyu kawai yake yi, Chet Atkins da ya ji shi a rediyo ya ƙara yatsu ya ƙawata abun. Wahalar salon nan a ƙwaƙwalwa take, babban yatsa ne zai zama kamar ba naka ba, yana tafiyarsa ko me sauran ke yi. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka yi ta yin bes ɗin shi kaɗai, kana hira kana yi, kana kallon wani abu kana yi, har sai ya daina neman izininka. Sannan ka ƙara amo ɗaya tak da zai faɗo tare da bes, kamar ka mintsini jitar, sai daga baya ka ƙara wanda zai faɗo a tsakanin bes biyu, wanda shi ne ke kawo lanƙwasar. In ka ce zaka haɗa duka rana ɗaya babban yatsan zai riƙa tsayawa duk sanda manuni ya motsa.

Wanda ke ganin hannunsa bai dace ba ko ya makara ya je ya nemi bidiyon Elizabeth Cotten. Bahaguwa ce, ta ɗauki jitar na-dama ta kifa ta ba tare da ta juya tsirkiyoyin ba, don haka manuninta ke yin bes babban yatsa na fitar da amo, komai a juye. Tana yarinya ta ƙirƙiri Freight Train, wanda har yau shi ne darasin farko na masu koyon yatsu, sannan ta ajiye jita shekaru da yawa, sai da take aiki a gidan su Seeger, wani gidan masana kiɗa, aka gano ta, ta karɓi kyautar Grammy a 1985 bayan ta kai shekara 90. Haka Mississippi John Hurt, an ɗauke shi a 1928, aka manta da shi yana noma, sai a 1963 masu neman tsofaffin mawaƙa suka gano shi suka kai shi bikin fok na Newport. Kiɗansa a natse yake babu gaggawa, kuma ga mai koyo yafi Chet Atkins sauƙin bi nesa ba kusa ba.

Shi fok irin na Woody Guthrie da waɗanda suka biyo shi a shekarun 1960, su Bob Dylan da Joan Baez, bazan daɗe a kai ba don in ka iya na sama ka riga ka iya shi, salon Carter ne da na yatsu aka sassauta don kalmomin waƙar su samu wuri. Abun lura kawai, jitar a ƙarƙashin murya take, in ana jin kiɗanka fiye da labarin to ka yi yawa. A ɓangaren Birtaniya kuma akwai masu sauya saitin tsirkiya, Davey Graham ya yaɗa saitin D A D G A D a farkon shekarun 1960, masu kiɗan Ailan suka rungume shi. Yana da daɗi ƙwarai amma ka bari sai hannunka ya zauna a E A D G B E tukunna, in kana ƙaiƙayin gwaji ka sauke ta 6 kawai zuwa D ka ji yadda kod ɗin D zai cika.

Kayan aiki fa? Jitar bulugiras ita ce babbar nan mai faɗin ƙugu da ake kira direbnot, kamfanin Martin na Nazareth a Fensilbaniya ya fara ƙera ta a 1916 wa wani kamfani, ya fito da ita da sunansa a 1931, girmanta ne ke sa bes ɗinta yake ratsa ƙarar banjo da goge. Amma ba sai ka mallaki Martin ba, kuma in jikinka ƙarami ne ko yatsu zaka fi yi, ƙaramar jita tafi daɗin runguma. Willie Nelson ma tun 1969 da jita mai tsirkiyar nailan yake kantirinsa, har ta huje don tsufa. Abun da yafi sunan kamfani muhimmanci shi ne tazarar tsirkiya da wuya, in ta yi nisa yatsunka zasu sha azaba a banza kuma ka ɗauka kai ne baka iya ba, ka kai wa mai gyara ya daidaita ta. Tsirkiya masu bulugiras sun fi son mai kauri da ke farawa daga .013, wato kaurin siririyar cikinsu a ma'aunin inci, amma mai farawa ya sa .012 har kan yatsunsa su yi kanta, wanda ke ɗaukar makonni, kuma in zafin ya koma cikin gaɓa ko wuyan hannu ka huta, wannan ba na kanta bane. Fik kuma ka nemi mai tauri, milimita 1 zuwa 1.5, siririn nan mai lanƙwashewa yana da kyau a shara amma bum baya fita da shi. Ka riƙe shi sako-sako, ɗan bakinsa kaɗan ne zai leƙo. Sannan tsirkiyoyin ƙarfe suna jan fuskar jita da nauyin da ya haura kilo 70, itacen kuma siriri ne, bushewar iska tana tsaga shi, damshin da ake so wajen kashi 45 zuwa 55 ne cikin ɗari, don haka in ba kiɗa kake ba ka mai da ita akwatinta.

Metironom kuwa, wato na'urar da ke ƙirga maka bugu, dole ne, na waya ma ya isa. Ka fara a inda zaka iya yi ba kuskure ko da abun ya yi kama da tafiyar hawainiya, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. In ka ɗan ƙware ka mai da ƙarar ta zama ita ce cik, wato kamar mai mandolin ne ke sara maka, kai ne zaka samar da bum da kanka, nan ne zaka gane ko lokacin a jikinka yake ko jingina kake. Ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurare, don lokacin da kake kiɗa kunne na yi maka ƙarya, yawanci zaka tarar kana ƙara gudu a wajen da yake da sauƙi kana ja baya wajen canza kod. Tab, wato rubutun lambobin firet, yana taimako amma baya nuna nauyin bugu ko lanƙwasa, mutanen zamanin da suna rage gudun faifai ne su kwaikwaya da kunne, kai kuma YouTube ya baka damar rage gudu zuwa 0.75 da 0.5 a ɓagas.

Daga ƙarshe dai kiɗan nan na taro ne, in ka samu ko mutum ɗaya mai kaɗa wani abu ku zauna tare, in babu ka kunna faifai ka raka shi. A zaman bulugiras da'ira ake yi, wanda ya ɗauko waƙa shi ke faɗin mabuɗi, shi ke gyaɗa wa mutum kai in zagayensa ya zo, in baka shirya ba ka girgiza kai a wuce ka babu wanda zai ga laifinka, kuma in ya ɗaga ƙafa to wannan zagayen ne na ƙarshe. In baka san waƙar ba ka zauna inda zaka riƙa ganin hannun hagun wani mai jita, ka duba firet ɗin da kafonsa yake, ka yi ƙasa-ƙasa har ka kama. In mawaƙi ya buɗe baki ka rage, in wani mai jita ne ya karɓi zagaye ka rage fiye da haka, don duk cikin kayan nan jita ce tafi ƙaramar murya in ana fitar da amo ɗaya ɗaya, banjo guda ya isa ya binne ta.